Na'urar auna dungu: wace iri ce za ta yi aiki a Gadarif da Mai Wurno?

Ƙafar roba sassa uku gare ta: tafin ƙafa, da bututun da ke tsayawa a madadin ƙashi, da soket, wato gidan da dungu ke shiga. Biyun farko a masana'anta ake ƙera su, lamba-lamba, a zuba a kwali a aiko. Soket kuwa kowa da nasa, don babu dungu biyu da suka zo ɗaya. Idan ya matse sai ya ci fata, idan ya yi yawa sai dungun ya riƙa sukuwa a ciki har bororo ya fito, daga nan mai ƙafar ya jingine ta bayan ƙofa ya koma ga sandarsa. Saboda soket ne mutum ke barin gonarsa a Sinnar ko Damazin na Sudan ya tafi birni ya yi kwanaki yana jiran ma'aikaci. Kuma saboda shi ne nake ganin maganar na'ura mai rahusa da za ta ɗauki siffar jiki ta 3D ta shafi Hausawan Sudan kai tsaye, a yau ɗin nan.

Tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, yanke ƙafa ba baƙon abu ba ne a yankunan da muke zaune. Akwai ciwon suga. Akwai madura, cutar da ke shiga ta ƙaya ta cinye nama da ƙashi a hankali, wadda ta yi katutu a Jazira da Sinnar da Farin Nilu, inda manomi ke shiga gona ba takalmin kirki. Cibiyar binciken cutar da ke Hartum, ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, ta yi shekaru tana faɗa da ita, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Yaƙi ya zo ya ƙara da harsashi da ɓaraguzan bam da abubuwan da ba su fashe ba da ke kwance a gidaje da gonaki. Hukumar ƙasa mai kula da gaɓoɓin roba, wadda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta daɗe tana tallafa wa, babbar cibiyarta a Hartum take, birnin da ya yi kusan shekara biyu yana fagen daga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasin cewa a duniya baki ɗaya mutum ɗaya cikin goma ne ke samun gaɓar roba ko abin tallafin gaɓa da yake bukata. Wannan ƙiyasin duniya ne, da ƙasashen da ke zaune lafiya a ciki.

Ra'ayina shi ne a ƙera na'urar, a kuma ƙera ta da araha, amma a san abin da za a bar mata da abin da za a bar wa hannun ɗan Adam. Duk wanda bai taɓa ganin yadda ake ɗaukar awo da jibis ba, wato farar filastar da ake ɗaure karaya da ita, da wuya ya gane inda iyakar take, don haka sai an bi aikin daki-daki.

Mai dungun ƙasan gwiwa yana zama, gwiwarsa a ɗan lanƙwashe. Ma'aikaci ya sa masa siririyar safa mai danshi, ya ɗauki fensir mai shuɗin tawada ya zana ƙoƙon gwiwa, da jijiyar da ke ƙarƙashinsa, da kaifin ƙashin ƙwauri, da ƙarshen ƙashin inda aka yanke, da kan siririn ƙashin da ke gefen waje, da duk wani tabo ko wurin da mai ciwon ya ce yana masa zogi. Sai ya naɗe dungun da bandejin jibis, kuma kafin ya daskare ya danna yatsunsa a wuraren da za su iya ɗaukar nauyi. A zare, a cika ramin da jibis mai ruwa, a samu gunkin dungun da alamomin fensir a jikinsa. Daga nan ne gwaninta take: a goge da magagari a inda ake so soket ya danna, a ƙara jibis a inda ƙashi yake kusa da fata don ya samu sarari. Sai a gasa fallen robar folifrofilin a tanderu har ya yi laushi, a lulluɓe gunkin, injin zuƙe iska ya manne shi. Wannan ita ce hanyar da Red Cross ta yaɗa a ƙasashen da ake yaƙi, kuma ta yi amfani, don robar tana jure zafi da ƙura kuma ana iya gyara ta da bindigar zafi.

Na'urar ɗaukar siffa tana maye gurbin mataki ɗaya ne kawai, na naɗa bandeji. Fata take gani. Ba ta san inda nama ke da laushi ba, ba ta san zurfin ƙashi ba, ba ta jin mutum ya zabura idan aka taɓa jijiyar da ta dunƙule a ƙarshen dungu. Kamfanin da ya ce maka na'urarsa za ta ɗauki hoto ta fitar da soket ba tare da ma'aikaci ya taɓa dungun ba, ko dai bai san aikin ba ko yana son sayar da kayansa. Amma matakin nan guda yana da girma. Siffar da aka ɗauka tana zama fayil, fayil kuma yana tafiya inda gunkin jibis ba ya zuwa. Mataimakin da aka horar a Mai Wurno zai lalubi dungun, ya yi alamomi, ya ɗauki siffa, ƙwararre a Gadarif ko Bur Sudan ya yi gyaran a kwamfuta. Maimakon zuwa biyu ko uku da kwanan tasha, sai mutum ya je sau ɗaya don gwaji da koyon tafiya. Fayil ɗin kuma yana nan a ajiye: bayan wata shida a sake ɗauka, a ɗora sabo kan tsoho, a ga daidai inda dungun ya motse. Ga yaron da ke girma, wanda ake canza wa soket kusan kowace shekara, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Hanyoyin ɗaukar siffar uku ne suka yi araha. Ta farko hotuna ne zalla: a zagaye dungun da kyamarar waya, hoto ɗaya a kowane digiri 10, wato hotuna 36 a zagaye guda, a yi zagaye uku daga sama da tsakiya da ƙasa, manhaja ta haɗa su. Akwai manhajoji na kyauta irin su Meshroom da COLMAP masu yin wannan, da MeshLab da Blender na share fayil da gyara shi. Ta biyu ita ce a haska wa jiki ɗigo-ɗigon hasken infirared da ido ba ya gani, kyamara ta lissafa zurfi daga yadda ɗigon suka karkace. Kinect da Microsoft ta fitar a 2010 don wasan kwamfuta ita ta fara karya farashin wannan fasaha, kuma kyamarar gaban iPhone X ta 2017 tana watsa ɗigo sama da 30,000 a kan wannan tsari. Ta uku tana auna lokacin da haske ke ɗauka ya je ya dawo, kamar LiDAR da ke bayan iPhone 12 Pro. Wannan ta ukun ta dace da auna ɗaki, amma ga dungu ta yi gwaɓi, kuma zan faɗi dalili da lissafi.

A ɗauki dungun da kewayensa santimita 30 ne. Daga tsakiyarsa zuwa fata kusan milimita 48 ke nan. Idan na'ura ta yi kuskuren milimita 1 kacal ta ko'ina, kewayen ya ƙaru da fiye da milimita 6, girman cikin soket kuma ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari. Ragin da ma'aikaci ke yi da gangan don soket ya kama shi ma kaso kaɗan ne cikin ɗari. Ke nan kuskuren milimita guda zai iya cinye ragin gaba ɗaya. Na'urar da ke kuskuren santimita, irin ta ukun nan, ba ta da hurumi a nan, kome kyan hoton da take nunawa a allo.

Abin da ke ɓata awo a ɗakin gwaji na Turai daban, abin da ke ɓata shi a Kasala daban. Rana ita ce ta farko. Haskenta cike yake da infirared, yana shanye ɗigon da na'ura ke watsawa, sai fayil ya fito da ramuka. Ba a aikin a tsakar gida ko a rumfar da rana ke ratsawa. Ɗaki ake so, a rufe taga, a kunna fitila mai haske daidai ba mai kaifi ba. Na biyu fata. Baƙar fata tana mayar da haske kaɗan idan aka kwatanta da fara, musamman ga na'urorin da ke aiki da farin haske ko shuɗi, idan kuma gumi ko man shafawa ya sa ta sheƙi sai hasken ya tarwatse. Fata mai santsi ma matsala ce ga hanyar hotuna, don manhaja tana neman tabo-tabo da za ta gane a hoto biyu, ba ta samu. Maganin waɗannan matsalolin fata uku abu ne mai arha: farar safa siririya mai kama jiki, wadda aka yayyafa wa ɗigon tawada. Tana kashe sheƙi, tana kwantar da gashi, tana ba manhaja abin kamawa, kuma a kanta ake zana alamomin ƙashi. Sharaɗin kawai shi ne a yi amfani da iri ɗaya kullum, a san kaurinta, a cire shi a lissafi.

Na uku motsi, kuma a nan ne na'ura mai sarrafa kanta ke da amfani na gaske. Mutum ba ya iya riƙe dungu a miƙe na minti biyu bai girgiza ba, balle tsoho mai suga ko yaro mai tsoro. Idan ya motsa a tsakiyar ɗauka, gaba da baya ba za su haɗu ba, a ga fata biyu a wuri guda. Manyan na'urorin da ake sa wa a wuraren motsa jiki suna tsayar da mutum a kan faifai mai juyawa. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai yi tunanin mai ƙafa ɗaya ba. Abin da ya dace da mu shi ne mutum ya zauna, a tallafi cinya, na'urar ta zagaye shi. Zobe na ƙarfe mai faɗin gargaren keke ko fiye kaɗan, ƙaramin injin juyawa mai tafiya taki-taki, bel, kyamarar zurfi a nisan da aka tsayar mata, a gama zagaye cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, da wata kyamara da ke fuskantar ƙarshen dungun, don nan ne mai riƙe na'ura a hannu ya fi mantawa. Mafi kyau ma a jera ƙananan kyamarori goma sha a jikin zoben su ɗauka lokaci guda, babu abin da ke juyawa balle ƙura ta shiga, babu motsin da zai ɓata. Kuɗin kyamarori ya ƙaru, wayoyin lantarki sun ƙaru, amma a ƙasar da guguwar habub ke cika ɗaki da rairayi ni na fi yarda da abin da ba ya motsi. Maƙeran Gadarif da ke gyara garmar tarakta za su iya haɗa zoben. Kyamara da allon lantarki ne kaɗai sai an shigo da su.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kashe aiki shiru. Hanyar hotuna ba ta san girma ba sai an sa mata ma'auni a cikin hoton, sanda mai alamomi da aka san tsawonta. A manta da ita, a samu dungu mai kyan siffa wanda ba a san ko na jariri ne ko na ƙato ba. Zafi yana gusar da saitin kyamara, kuma Apple da kanta ta ce wayoyinta an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali a watan Mayu inuwar Sinnar tana haura 40. Don haka kowace safiya a fara da auna wani gungumen roba da aka san faɗinsa. Idan na'ura ta kauce da fiye da milimita guda, a sake saiti kafin a kira mutum na farko. Lokacin awon ma yana da tasiri. Dungun da aka yanke kwanan nan a kumbure yake, yana watanni yana motsewa, sai an yi ta ɗaure shi da bandeji mai talewa kafin a auna. Wanda ya sauko daga mota bayan tafiyar awa biyar dungu a rataye, a bar shi ya huta ƙafar a ɗage. Kuma duk fayil a haɗa shi da awon tef a wurare uku ko huɗu, don idan suka saɓa a sake ɗauka nan take mutumin bai tafi ba. Wannan binciken manhaja ce ya kamata ta yi da kanta, ta nuna ja ko kore da Larabci, don mataimakin ba injiniya ba ne.

Sai batun intanet, wanda masu ƙera irin waɗannan na'urori suka fi rainawa. Yawancin manhajojin waya suna tura hotuna zuwa rumbun kamfani a wata ƙasa, a can a sarrafa, a biya kuɗin wata-wata da katin banki. A watan Fabrairu 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a kusan duk Sudan. Wutar lantarki ma ta sha ɗaukewa tun da aka fara kai hari kan tashoshinta, har da ta Marawi. Mutumin da kuɗinsa ke cikin Bankak, manhajar bankin Sudan ta waya, ba shi da katin da kamfanin Amurka zai karɓa. Na'urar da za ta yi aiki a nan dole ta gama lissafinta a kan kwamfutar da ke ɗakin, da batir da faifan sola. Ɗanyun hotuna suna kai ɗaruruwan megabait, amma fayil ɗin da aka tace aka rage ba ya wuce 'yan megabait, ana iya tura shi ta WhatsApp idan layi ya dawo, ko a sa a filashi a ba direba.

Ina kuma ja da yadda ake haɗa na'urar ɗaukar siffa da firintar 3D kamar tagwaye. Tun 2013, lokacin da wata ƙungiyar Amurka mai suna Not Impossible ta buga hannun roba ga wani yaro daga tsaunukan Nuba da bam ya raba da hannuwansa biyu, firinta ta zama abin da masu ba da tallafi ke son ɗauka a hoto. Hannu ba ya ɗaukar nauyin jiki, ƙafa kuwa tana ɗauka a kowane taku. Firinta tana gina abu shimfiɗa-shimfiɗa, kuma a tsakanin shimfiɗun ne yake tsagewa, galibi a gindin soket inda ya haɗu da ƙarfe. Robar PLA, wadda ta fi arha da sauƙin bugawa, tana fara laushi a kusan digiri 60, zafin da cikin motar da aka ajiye a rana ke iya kaiwa. Akwai ma'aunin duniya na gwada ƙarfin ƙafar roba, ISO 10328, kuma soket ɗin da bai bi ta irin wannan gwaji ba bai kamata a sa wa mai shiga gona ba. Ƙungiyar Humanity & Inclusion ta gwada awo da bugu a Togo da Madagaska da Siriya, wasu kuma sun gwada a asibitin CoRSU na Yuganda, an ga abin yana yiwuwa, amma a ƙarƙashin idon ƙwararru. Hanyar da na fi ganin hikimarta a yanzu ita ce ta tsakiya: a ɗauki siffa da na'ura, a gyara a kwamfuta, a buga siririn ƙoƙo a cika shi da jibis a samu gunki, sannan a lulluɓe da folifrofilin kamar yadda aka saba. Firinta ta yi abin da ba ya bukatar ƙarfi, ma'aikatan da ake da su su ci gaba da aikin da suka ƙware a kai.

Wani zai ce tunda an samu na'ura, a yi amfani da ita har wajen gano tamowa a yara. An gwada irin wannan a Malakal ta Sudan ta Kudu, awon na'urar bai kai na hannu daidaito ba. Tef ɗin auna dantse, mai jan layi a milimita 115, kusan kyauta ne kuma uwa ma tana iya koyonsa. A bar shi ya yi aikinsa.

Manhajojin da ke hasashen siffar jiki gaba ɗaya daga hoto ɗaya ko biyu ma a yi hattara da su. Da yawansu an gina su a kan samfurin SMPL da aka fitar a Jamus a 2015, wanda aka koya masa siffar jiki daga awon mutanen Arewacin Amurka da Turai. Inda na'ura ba ta gani da kyau ba, tana cike gurbin da abin da ta saba gani. Ga mai sayar da riga wannan ba laifi. Ga dungun da madura ta bari, mai tabo da lotsawa, cike gurbi da zato shi ne ainihin abin da ke haifar da gyambo. Gara manhaja ta bar ramin a buɗe ta ce a sake.

Abu na ƙarshe da ba na so a ɗauke shi ƙarami shi ne wanda zai riƙe fayil ɗin. Dungun cinya sai an buɗe har kusa da matsematsi, kuma babu mijin da zai kawo matarsa, babu uwar da za ta kawo 'yarta, idan ba mace ce ke aikin ba a ɗaki mai labule. A horar da mata tun rukunin farko, ba sai an ga mata sun ƙi zuwa ba. Bayan haka akwai tsaro. Hausawan Shuɗin Nilu ba su manta rikicin Yuli da Oktoba 2022 ba, da yadda aka tayar da tambayar wane ne ɗan ƙasa. A ƙasar da saurayi mai raunin harsashi zai iya fuskantar tuhuma a shingen bincike, jerin sunaye da hotunan masu rauni kaya ne mai haɗari a hannun kowane ɓangare. Na'urar kada ta ɗauki fuska. Fayil ya ɗauki lamba, sunan ya zauna a littafin cibiyar, hotunan asali a goge su da zarar an fitar da siffa. Duk ƙungiyar da za ta kawo na'ura ta rubuta a yarjejeniya cewa ba za ta kwashi siffofin mutanenmu ta koyar da manhajarta a waje ba sai da yardar masu su, yardar da aka nema da Hausa ko Larabcin da suke ji.

Kuma a daina auna arha da farashin na'ura. A lissafa kuɗin safa da jibis da roba, da albashin mataimaki, da kyamarar da za ta mutu a shekara ta biyu, da motar da za ta kai mutum gwaji, a raba da yawan ƙafafun da masu su ke sanye da su bayan wata shida. Ya kamata hukumar gaɓoɓin roba ta zaɓi cibiya guda, Gadarif ko Kasala, a yi wa mutane awo biyu, na jibis da na na'ura, a haɗa soket biyu, a ba mutum ya gwada bai san wanne ne wanne ba, a rubuta wanda ya zaɓa da sau nawa aka yi gyara. Attajiranmu na Makka da Jidda da ke aiko da taimako gida za su iya ɗaukar nauyin wannan gwaji, da horar da mataimaka maza da mata daga Mai Wurno da Damazin, kafin a sayi firinta ko guda.